Idan bashi ya kai wa mutum wuya a Amurka: Babi na 7, Babi na 13 da filin da aka bari a gida

A shekarar 2014, lambar izinin tasi a birnin New York, ɗan faifan ƙarfen nan da ake mannawa a gaban motocin haya masu ruwan ɗorawa, ta haura dala miliyan 1. Direbobi da yawa, akasarinsu 'yan ci-rani daga Kudancin Asiya, Haiti da Afirka ta Yamma, sun ci bashi sun saya, a ganinsu sun sayi gonar da za su ci har tsufa su bar wa 'ya'ya. Sai Uber da Lyft, kamfanonin hayar mota ta manhajar waya, suka cika titi da motoci, daga baya kuma ta fito fili cewa tun asali dillalai da masu ba da rance ne suka hura farashin. Kafin a cika shekara biyar lambar ta faɗo ƙasa da dala dubu 200, bashin kuwa yana nan daram da ruwansa. Mutum ya wayi gari ana bin sa dala dubu 600 a kan abin da ko ya sayar ba zai biya sulusin bashin ba. Wasu sun kashe kansu a 2018. Ɗaruruwa sun nufi kotun karayar arziki. Sauran suka yi ta zanga-zanga, har da yajin cin abinci na kwana 15 a ƙofar ofishin magajin gari, sai a Nuwamban 2021 aka cimma yarjejeniya da babban kamfanin da ke riƙe da basussukan, aka rage wa direba bashinsa zuwa abin da bai wuce dala dubu 170 ba.

Direbobin nan sun yi dacen samun ƙungiya da 'yan jarida a bayansu. Mai aikin jinya a Houston, ko mai tuƙa babbar mota a Ohio, wanda katin bashi da kuɗin asibiti suka yi wa katutu, ba shi da wannan gatan. Abin da yake da shi doka ce ta tarayya wadda ta ba shi damar ya je kotu da ƙafarsa ya ce: ga abin da na mallaka, ga abin da ake bi na, na gaza. Ba sai yana ɗan ƙasa ba. Dokar ta ce duk mai zama a Amurka, ko mai dukiya ko wurin sana'a a cikinta, yana iya shigar da wannan buƙata.

Mun saba cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma a bakinmu kawai maganar take. A zahiri Bahaushe ya gwammace ya rame a tsaye da a ji cewa ya kasa biya. Karayar arziki a kunnenmu tonon asiri ce. A Najeriya akwai dokarta tun 1979, amma da wuya ka haɗu da wanda ya taɓa bin ta, abin da aka fi sani game da ita shi ne kundin tsarin mulki ya hana wanda kotu ta ayyana a matsayin karyayye tsayawa takara har sai an wanke shi. A Amurka kuwa abin ya zama ruwan dare. A 2024 kaɗai an shigar da irin wannan ƙara sama da dubu 500, kusan duk daga ɗaiɗaikun mutane, kamfanoni kaɗan ne a ciki. A 2005 adadin ya haura miliyan 2, saboda mutane sun yi ta rububin shiga kafin sabuwar doka mai tsauri ta fara aiki a watan Oktoba.

Tushen abin tsoho ne. Kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ba Majalisar Tarayya ikon kafa doka ɗaya ta karayar arziki ga ƙasar baki ɗaya. A 1833 gwamnatin tarayya ta daina ɗaure mutum saboda bashi. A 1934 Kotun Ƙoli ta bayyana manufar dokar a wata shari'a da har yau lauyoyi ke kafa hujja da ita: a ba mai gaskiya wanda ƙaddara ta afka wa damar sake sabon lale. A riƙe kalmar nan ta "mai gaskiya", domin duk tarkunan da za mu gani a gaba a kanta aka ɗana su. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 1978 ce, da gyaran da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2005 bayan shekaru bankuna da kamfanonin katin bashi suna matsa lamba a Majalisa.

Abu na farko da mutum ke samu, tun a ranar da takardunsa suka shiga kotu, shi ne dakatarwa. Ba sai alƙali ya zauna ba. Daga wannan lokaci masu bin bashi ba su da ikon kiran waya, ko aiko da wasiƙa, ko ci gaba da ƙarar da suka shigar, ko ƙwace mota, ko yin gwanjon gida, ko cire kuɗi daga albashi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya yi nasara a kanka a kotu dokar tarayya ta yarda ya riƙa kwashe har kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage a albashinka bayan haraji, tun kafin kuɗin ya iso hannunka. Mutane da yawa wannan numfashin ne ke kai su kotu, kafin ma su fahimci wane babi na dokar suka shiga, na 7 ko na 13.

Babi na 7: a tattara, a raba, a sallame ka

Wannan shi ne abin da aka fi nufi idan an ce mutum ya ayyana karayar arziki. Kotu tana naɗa wakili amintacce, wanda aikinsa shi ne ya duba dukiyarka, ya sayar da abin da doka ta yarda a sayar, ya raba wa masu bin ka bashi. Abin da ya saura bai biyu ba, kotu ta shafe shi. Kuɗin shigar da takardu dala 338 ne. Kafin ka shigar sai ka yi wani ɗan zama na neman shawara kan bashi da wata cibiya da gwamnati ta amince da ita, a cikin kwana 180 da suka gabata, bayan ka shigar kuma ka yi wani darasin na tattalin kuɗi. Da kamar wata guda za a kira ka zaman da ake ce wa taron masu bin bashi, inda wakilin kotu zai sa ka rantse ya yi maka tambayoyi. Sunan ne mai ban tsoro, masu bin bashin ba su cika zuwa ba, kuma sau da yawa ba ya wuce minti goma. Bayan kamar wata huɗu daga farawa takardar sallama, wadda ke shafe bashin, ta fito.

Tambayar kowa ita ce: za su kwashe mini komai? A sama da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan shari'u ba a sayar da ko tsinke, saboda doka ta keɓe wasu kaya da ba a taɓawa, kuma yawancin masu zuwa kotu ba su mallaki abin da ya wuce wannan iyaka ba. Tufafi, kayan ɗaki, kayan sana'a, mota mai matsakaicin daraja, da wani kaso na darajar gidan da mutum ke ciki. A jadawalin tarayya da aka sabunta a Afrilun 2025, rabon mutum a gidansa da aka kare ya kai dala 31,575, na mota kuma dala 5,025. Sai dai kowace jiha tana da ikon tilasta nata jadawalin, kuma a nan ne bambancin yake da ban mamaki. A Texas da Florida ba a sa wa darajar gidan zama iyaka ba, girman filin kawai aka ƙayyade: eka 10 a cikin gari a Texas, rabin eka a cikin gari a Florida. Ma'ana mai gidan dala miliyan 2 a Dallas ta jihar Texas yana iya fita da gidansa, alhali mai ƙaramin gida a wata jihar ya rasa nasa. Attajirai sun daɗe suna cin moriyar wannan, su tattara kuɗi su sayi katafaren gida a Florida gab da rugujewa, shi ya sa gyaran 2005 ya sa iyaka ga gidan da aka saya cikin kwana 1,215 kafin zuwa kotu.

Akwai wata kariya da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi jahilta. Kuɗin fansho da mutum ke tarawa ta wurin aikinsa, asusun da ake kira 401(k), yawancin masu bin bashi ba su da hanyar kai wa gare shi, ko a kotu ko a wajenta. Amma me mutumin kirki yake yi idan bashi ya matsa masa? Sai ya fasa wannan asusun, ya biya haraji da tarar cirewa kafin lokaci, ya zuba wa katin bashi. Bayan shekara guda kuɗin sun ƙare, bashin bai ƙare ba, sannan ya zo kotu hannu rabbana. Ya ɗauki abin da doka ta ajiye masa don tsufansa ya biya bashin da kotu za ta shafe a wata huɗu.

Ba kowane bashi ake shafewa ba. Katin bashi, kuɗin asibiti, rancen da ba a ba da jingina a kansa ba, tsohon kuɗin haya da na wuta, duk suna tafiya. Kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata da kotu ta yanka ba sa tafiya. Tarar laifi ba ta tafiya, haka diyyar wanda ka raunata kana tuƙi a buge, haka duk bashin da aka ci da yaudara. Harajin kuɗin shiga sai ya tsufa, a taƙaice ya wuce shekara uku, kuma ka shigar da takardunsa. Idan ka yi sayayyar kayan alatu da kati cikin kwana 90 kafin zuwa kotu, ko ka ciri tsabar kuɗi da shi cikin kwana 70, ana ɗauka da gangan ka yi, sai ka kawo hujjar da za ta wanke ka. Rancen karatu kuwa shi ne ƙashin da ya tsaya wa Amurkawa a maƙogwaro. Ba a shafe shi sai mutum ya shigar da wata ƙarar daban ya tabbatar da cewa biyansa zai jefa shi cikin ƙuncin da ya wuce kima, kuma ma'aunin da yawancin kotuna ke bi, wanda ya samo asali daga wata shari'a ta 1987, yana da tsanani ƙwarai. A Nuwamban 2022 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da sabon tsari da ya sassauta hanyar ga masu rancen gwamnati, amma har yanzu ba ƙofa ce a buɗe ba.

Bashin da ke da jingina labarinsa daban. Kotu tana iya cire maka nauyin bashin mota daga wuyanka, amma haƙƙin banki a kan motar yana nan. Ko ka ci gaba da biya ka riƙe ta, ko ka miƙa makulli. Wanda kuma ya tsaya maka, ya sa hannu tare da kai a takardar rance, Babi na 7 bai kare shi ba. Kai ka fita, shi a kama. Duk wanda ɗan garinsu ya taɓa sa masa hannu don ya sami mota ko gidan haya ya san nauyin wannan magana.

Sannan ba kowa ake bari ya shiga wannan babin ba. Gyaran 2005 ya kawo gwajin samu: a haɗa abin da ya shigo maka cikin wata shida da suka wuce, a kwatanta da matsakaicin samun iyali mai yawan naka a jiharka. In kana ƙasa, ka wuce. In kana sama, sai a shiga lissafin kuɗin abinci, haya, mota da sauransu bisa ma'aunin hukumar haraji, a ga ko akwai rarar da za ka iya biya da ita. In akwai, sai a nuna maka ɗaya ƙofar.

Babi na 13: ka riƙe kayanka, ka ba da albashinka

A nan ba a sayar da komai. Mai albashi ko wani samu na yau da kullum yana gabatar da tsarin biya na shekara uku zuwa biyar, duk wata ya miƙa wa wakilin kotu wani adadi, shi kuma ya ɗauki ladansa, wanda bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ya raba sauran. Wanda samunsa ya haura matsakaicin jiharsa, biyar ɗin zai yi. In ya kai ƙarshe, abin da ya saura na bashin da ba jingina a shafe. Kuɗin shigarwa dala 313 ne, kuma akwai iyakar bashi: ɗan sama da dala dubu 500 na marar jingina, kimanin miliyan 1 da rabi na mai jingina.

Amfaninsa a fili yake ga mai abin da yake son ceta. Wanda ya yi wata shida bai biya bashin gida ba, banki ya sa ranar gwanjo, Babi na 7 zai jinkirta gwanjon ne kawai. Babi na 13 kuwa zai ba shi damar raba wannan bashin da ya taru a kan shekara biyar, muddin yana biyan na kowane wata a kan kari. Motar da aka saya fiye da kwana 910 da suka wuce, ana iya rage bashinta ya dawo daidai da darajarta ta yau. Wanda ya tsaya maka a bashin amfanin gida shi ma dakatarwar tana rufe shi, matuƙar tsarin yana tafiya. Mai bashin haraji ko na kuɗin ciyar da 'ya'ya da ya taru yana samun hanyar biya a hankali ba tare da ana farautarsa ba.

Matsalar ita ce shekara biyar ba kwana biyar ba ce ga wanda dama da ƙyar yake haɗa wata. Aiki ya tsaya, ko yaro ya kwanta asibiti, ko injin mota ya buga, ka tsallake biya biyu ko uku, sai kotu ta kori ƙarar. Ranar da aka kore ta dakatarwar ta tashi, basussukan suka dawo da ruwan da suka tara a tsawon lokacin, kuɗin lauya kuma ya tafi. Fiye da rabin masu shiga wannan babin ba sa kaiwa ga sallama. A Babi na 7 kuwa kusan kowa yana samu.

To me ya sa mutanen da ba su da gida, ba su da wata kadara, suke shiga Babi na 13? Amsar tana aljihun lauya. A Babi na 7 lauya yana karɓar kuɗinsa gaba ɗaya kafin ya shigar da takardu, abin da kan kama daga dala dubu 1 zuwa dubu 2, domin in ya bari ka ci bashinsa, shi ma kotu za ta shafe. A Babi na 13 kuɗin lauya ya ninka haka ko fiye, amma ana cusa shi cikin tsarin biya, don haka sai ka ga talla a gefen titi: zo ba ko sisi. Wanda ake cire wa rubu'in albashi ba shi da dala 1,500 a hannu, sai ya bi ƙofar da ba ta neman kuɗi yau, ko da ita ce mafi tsada kuma mafi haɗari. Talauci ya hana shi ayyana talauci ta hanya mai sauƙi. Wannan al'ada ta fi ƙarfi a jihohin Kudu, kuma ba banza ba: a Birmingham ta jihar Alabama aka fara gwada tsarin a shekarun 1930, ɗan majalisa Walter Chandler daga Memphis ne ya shigar da shi dokar tarayya a 1938, kuma har yau Memphis tana sahun gaba a yawan masu shigarsa. Wani bincike da malaman shari'a Jean Braucher da Robert Lawless suka yi tare da Dov Cohen a 2012 ya gano cewa baƙaƙen fata sun kusa ninka sauran jama'a wajen faɗawa Babi na 13, kuma lauyoyi sun fi karkata su can ko da yanayin kuɗinsu iri ɗaya ne da na farare. Ɗan Afirka da ya shiga ofishin lauya ya kamata ya san wannan, ya kuma yi tambaya ɗaya kai tsaye: wace kadara tawa ce wannan babin zai ceta wadda Babi na 7 zai salwantar? In ba a ba shi amsa mai kama hankali ba, ya gwada wani ofishin.

Inda halinmu na kirki ke zama tarko

Nan ne nake son in daɗe, domin abubuwan da ke jefa ɗan ci-rani cikin matsala a wannan kotu ba mugunta ba ce, yawanci abubuwan da aka tarbiyyantar da mu a kansu ne.

Ɗauki mutumin da ya ga jirginsa na shirin nutsewa. Yana da dala dubu 5 a hannu, katin bashi na bin sa dubu 40, yayansa kuma ya ranta masa dubu 5 lokacin da ya zo ƙasar. Kowane ɗan halak zai ce a fara da Yaya. Doka kuwa tana kallon wannan a matsayin fifiko. Duk abin da ka biya ɗan'uwa ko makusanci cikin shekara guda kafin zuwa kotu, wakilin kotu yana da ikon ya bi shi ya karɓo, ya raba wa kowa. Ga sauran masu bin bashi wa'adin kwana 90 ne. Wato garin rufa wa Yaya asiri sai ka jawo masa sammaci. Abin takaicin shi ne da ka haƙura har shari'ar Babi na 7 ta ƙare, babu mai hana ka biyan sa daga sabon albashinka.

Sai kuɗin da ake aikawa gida. Wakilin kotu yana karanta takardun banki layi-layi, kuma zai ga duk abin da ya fita ta Western Union ko wata manhajar aika kuɗi. Ɗan abin cefane da ake tura wa iyaye duk wata ana iya bayaninsa. Amma dala dubu 10 da aka tura wa ƙane ya ajiye, ko mota da aka mayar da sunan mata, ko kanti da aka ce an sayar wa aboki a kan kuɗin da bai kai ba, duk kyauta ce a lokacin da kake cikin bashi, kuma ana iya warware ta har shekara biyu baya a dokar tarayya, fiye da haka a dokokin jihohi da yawa. Sadaka tana da tata kariyar: wata doka ta 1998 ta kare abin da mutum ya bayar ga masallaci, coci ko ƙungiyar agaji mai rajista, har kashi 15 cikin 100 na samunsa na shekara. Zakkar da aka danƙa wa mutum hannu da hannu ba ta shiga wannan kariyar ba.

Adashi ma haka. In kana zubi kuma kwasarka ba ta zo ba, kuɗin da kake jira dukiya ce, sai an rubuta. In ka riga ka kwasa ana bin ka zubi, 'yan adashin masu bin ka bashi ne, sai an rubuta sunayensu kamar yadda aka rubuta na banki. Na san yadda wannan yake da nauyi a zuciya, a ce uwar adashi ta sami wasiƙa daga kotun tarayya. Amma takardun ana cika su ne bisa rantsuwa, kuma sun ce a lissafa kowa.

Babban cikinsu shi ne fili. Da wuya ka sami wanda ya yi shekara goma yana aiki a unguwar Bronx ta New York bai sayi fuloti a Kano, ko Maraɗi, ko Kumasi ba, ko bai fara ɗora bulo ba, ko ba shi da kaso a gidan gado da ba a raba ba. Zuciya za ta ce masa: wa zai sani? Dokar ta ce dukiyar mai ƙara ta haɗa da duk abin da ya mallaka a ko'ina yake a duniya. Kariyar gidan zama kuma ta gidan da kake ciki ce, ba ta kai ga kangon da ke Rijiyar Zaki ba. Ɓoye kadara a wannan kotu laifi ne na tarayya, hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala dubu 250, ga hana sallama, ga abin da hukuncin zamba ke yi wa takardun zaman wanda bai zama ɗan ƙasa ba. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne: rasit ɗin aika kuɗi yana nan, hoton ginin yana Facebook, matar da aka rabu da ita ba dadi ta san komai. Abin da ya kamata shi ne a faɗa wa lauya tun ranar farko. Sau da yawa wakilin kotu yana duba darajar filin da wahalar sayar da shi daga wata nahiya ya ga bai cancanci bi ba, ko ya yarda a biya shi wani abu a bar maganar. In kuma filin yana da daraja sosai, to wannan ne ainihin dalilin da zai sa mutum ya zaɓi Babi na 13, ya biya kwatankwacin darajarsa a hankali ya riƙe abinsa.

Kafin a kai ga kotu

Akwai hanyoyin da ba su bi ta gaban alƙali ba, kuma ba duka ne na banza ba. Cibiyoyin ba da shawara marasa neman riba suna shirya tsarin da kamfanonin kati ke rage kuɗin ruwa, mutum ya biya uwar kuɗin cikin shekara uku zuwa biyar. Ya dace da wanda ruwan ne ya shaƙe shi, ba uwar kuɗin ba. Asibitocin da ba na riba ba doka ta wajabta musu tsarin rangwame ga marasa ƙarfi, amma sai wanda ya tambaya. Mutum yana iya kiran mai bin sa da kansa ya ce ga abin da nake da shi, a karɓa a yafe sauran, kuma ana karɓa, musamman kamfanonin da suka sayi tsohon bashi da arha. A dai tuna cewa bashin da aka yafe ta wannan hanya, daga dala 600 zuwa sama, ana kai rahotonsa ga hukumar haraji, kuma tana iya lissafa shi a matsayin samu, sai in mutum ya nuna cewa bashinsa ya fi dukiyarsa a lokacin. Wanda kotu ta shafe ba haraji a kansa.

Kamfanonin da ke talla a rediyo cewa za su raba maka bashi biyu, su ne gudun gara a faɗa gidan zago. Za su ce ka daina biya ka riƙa tara kuɗi a wurinsu, a tsawon lokacin ruwa da tara suna hawa, kuma babu abin da ya hana banki maka ka a kotu, domin ba su da ikon dakatar da kowa. Tun 2010 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ta hana masu irin wannan sana'a ta waya karɓar lada kafin su sasanta bashi ko ɗaya. Duk wanda ya nemi kuɗi tun farko ya riga ya nuna ko shi wane ne.

Wani lokacin ma mafita ita ce a zauna. Dattijon da ba shi da gida, ba shi da albashi sai kuɗin tsufa na gwamnati, kamfanin kati ko ya yi nasara a kotu babu abin da zai kama, domin doka ta kare wannan kuɗin.

Tabon da ake tsoro gaskiya ne, amma an fi zuzuta shi. Babi na 7 yana zama a tarihin bashin mutum shekara 10, Babi na 13 yawanci shekara 7, kuma a ƙasar da mai gidan haya ke duba wannan tarihin kafin ya ba ka makulli, ba wasa ba ne. Sai dai wanda ya yi wata shida ba ya biya, makin da ake auna amincinsa wajen biyan bashi ya riga ya faɗi tun kafin ya ga ƙofar kotu. Bayan sallama da 'yan watanni tayin sababbin katuna ke fara cika akwatin wasiƙa, don bankuna sun san ba za ka sake samun sallamar Babi na 7 ba sai bayan shekara takwas. Rancen gida mai garantin gwamnati ana iya nema bayan shekara biyu. Doka kuma ta hana hukuma ƙwace lasisi, ta hana mai ba da aiki korar ma'aikaci, don kawai ya bi wannan hanya.

Saura tambayar da lauya ba zai amsa ba, wadda kuma ita ce ke hana Musulmi barci: in kotu ta shafe, Allah ya shafe? Shari'ar Musulunci ta san muflisi, wato wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa, tun kafin a san Amurka. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, kuma yafewa ta fi alheri. Waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da aka ware wa zakka. Hadisi ya tabbata a kan mutumin da ya yi asara a cinikin 'ya'yan itace, aka tara masa sadaka ba ta isa ba, Annabi (SAW) ya ce wa masu bin sa su ɗauki abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan. Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai yana da babin taflisi, inda alƙali ke hana mutum taɓa dukiyarsa, ya sayar, ya raba wa masu bashi gwargwadon kason kowa, ya bar masa tufafi da abin ci. Kamarsa da Babi na 7 a fili take. Inda suka rabu shi ne malamai suna ganin ragowar uwar kuɗin tana nan a wuyan mutum har ranar da ya samu, sai in mai ita ya yafe, alhali kotun Amurka tana rufe littafin gaba ɗaya.

Dokar Amurkan kanta ta bar wannan ƙofa a buɗe. Sashe na 524 ya hana mai bin bashi ya sake nema bayan sallama, amma a cikinsa aka rubuta cewa babu abin da ya hana wanda aka sallama ya biya kowane bashi don raɗin kansa. Direban da ya fito daga kotu yau, in Allah ya buɗa masa bayan shekara uku, yana iya komawa ya biya Yaya, ya biya uwar adashi, ya biya mai kantin da ya riƙa ba shi shinkafa bashi, a lokacin da ya ga dama kuma a jerin da ya zaɓa. Abin da zai yi da ruwan da katin bashi ya ɗora masa, da uwar kuɗin da ke ƙarƙashin ruwan, wannan magana ce tsakaninsa da malaminsa.